Surukina da Jarkokin Tsohon Mai

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, falonmu na unguwar International City a Dubai ya kasa ɗaukar mutane. Dama can ba wani falo ba ne, doguwar kujera ce ɗaya da darduma, sai ga maza sun cika shi har baranda, wasu suna tsaye a matakalar bene suna matsa wa maƙwabtanmu 'yan Cana hanya. Mu mata muna ƙuryar ɗaki, mun bar ƙofa a buɗe saboda zafi. Duk wanda ya shigo sai ya yi sallama, ya yi wa maigidana gaisuwa, ya zauna. Can sai idonsa ya kai kan jarkokin da ke jere a baranda, a nan ne hawaye ya ƙwace wa da yawa daga cikinsu.

'Yan kasuwar Kano da ke sauka a ƙananan otal-otal na Al Buteen sun zo da ƙurar kwali a rigunansu. Wani dattijo a cikinsu, aminin Baba, ya yi ta tafa hannu yana cewa, "Wallahi na ce in na gama loda kwantena zan leƙo shi asibiti. Na ce gobe, na ce jibi. Khalas, shi ke nan." Hajiyar Nijar mai gidan abinci ta shigo wurinmu ta zube a ƙasa, ko mayafinta ba ta gyara ba. Ta ce, "Vraiment, gaskiya ban san ya kwanta ba. Na cika masa jarkoki suna can bayan firji, ina ta cewa me ya hana Baban mai zuwa. Yanzu wa zan ba?" Har wani Ba'indiye abokin aikinsa ya zo, ya cire takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa ya rasa abin da ake faɗa a irin wannan wuri. Daga ƙarshe ya ce wa maigidana a ƙasarsu har yanzu ma'aikatan jirgi suna tambayar tsohon nan ɗan Afirka mai ɗora tafin hannu a jikin inji.

Abu ɗaya kowa ya yi ta maimaitawa, wai ba su taɓa ganin mai sauraron mutum irinsa ba. Kana magana zai bar abin da yake yi, ya juyo gaba ɗaya, ya zuba maka ido har ka gama. Ina jin haka daga ƙuryar ɗaki na cusa mayafi a baki don kada kukana ya fita, domin a shekarunsa na ƙarshe Baba ba ya ji. Ko tsawa aka yi ba ya ji. Bakin mutane yake karantawa. Ni kaɗai na sani, shi ya roƙe ni in rufe, na kuwa rufe har safiyar da ya cika. Yanzu da ba abin da faɗar za ta jawo masa, zan faɗa, don ba na so a manta da shi, kuma ba na so a tuna shi rabi-rabi.

Ni surukarsa ce, matar ɗansa tilo. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Ban faɗe shi yana raye ba, ba zan fara yanzu ba.

Baba mutumin reluwe ne tun tasowarsa. A lokon Zariya, inda ake gyaran kawunan jirgi, ya fara da goge maiƙo, ya zama mai gyara, ya zama direba. Da jiragen gida suka yi ta raguwa sai ya bi aiki zuwa ƙasashen waje, har ya ƙare a Dubai, a wani ƙaramin kamfani da ke tara tsohon man suya daga otal-otal, ya dafa shi, ya mayar da shi man da ake gaurayawa da dizal. Wani ana zuba wa motocin gari, wani a loda a jirgin ruwa a kai wa masu jiragen ƙasa a wasu ƙasashe. In can suka kawo ƙorafi cewa injinsu ya ƙi man, Baba ake turawa. Shi ba ya cewa bayodizal, wai sunan ya yi kama da na maganin tari. Haɗi yake ce masa.

Da na tambaye shi yadda abin yake, sai ya kawo mini shi cikin kicin. Ya ce kamar tsamiya ce a kunu, kaɗan tana gyarawa, in an cika hannu wani cikin ya ɗauka, wani bai ɗauka ba. Wasu ƙasashen ɗaya cikin ashirin suke zubawa, wasu ɗaya cikin biyar, wasu su wuce haka. A ƙasashen sanyi haɗin kan daskare a tanki kamar man shanu a ƙwarya, sai su rage hannu in sanyi ya shigo, su ƙara in ya wuce. Daga Indiya ya dawo yana dariya, wai ya ga binidazugu, wannan da muke shingen gona da shi akuya ma ba ta kallo, an shuka shi a gefen dogo ana so a matse 'ya'yansa a ba jirgi. Daga Indunusiya kuwa shiru ya dawo, bai ci tuwon kirki ba. Sai washegari ya ce mini, "Na ga manja mai kyau, wanda za ki yi miyar taushe da shi, ana dafa wa jirgi. Ƙasarsu ce, gonarsu ce, sun fi ni sanin abin da ya dace da su. Ni dai zuciyata ba ta son inji ya riga mutum ci."

Yawancin ƙorafin da ake kiransa a kai iri ɗaya ne. A makonnin farko filta ta toshe, jirgi ya fara tari, sai a ce man ba shi da kyau. Baba zai je, ya ɗora hannu a jikin inji ya tsaya, ya shinshina hayaƙi, ya sa a buɗe tanki. Haɗin yana wanke dauɗar da dizal ya tara a tanki shekara da shekaru, ita ce ke zuwa ta toshe filta. Sai ya ce su canza filta, su duba robobi, su hana ruwa shiga tanki, su yi haƙuri. Yakan ce, "Dauɗarsu ce ta da, baƙon motsa ta kawai ya yi." Wani lokacin ya dace, wani lokacin man ne da gaske ba shi da kyau, sai ya dawo ya faɗa wa nasa kamfanin ba tare da kwana-kwana ba. Abin da ya fi ba shi nishaɗi shi ne ƙamshin hayaƙin. Wai a wani loko tun kafin azahar ma'aikata suka fara kukan yunwa, saboda duk wurin ƙamshin suya yake yi. Ya taɓa ce mini da zai ga jirgin Ƙauran Namoda yana tafiya da ragowar man ƙosan matan garin, da ya huta.

Jarkokin baranda ba aikin kamfani ba ne. Kamfani motoci gare shi masu zuwa manyan otal, ba mai bi ta kan ƙananan kicin ɗin Hausawa. Baba ne kawai ba ya iya ganin an tuttular da mai a wurin wanke-wanke. Duk ƙarshen mako zai hau bas zuwa Deira, ya zaga gidajen abinci da gidajen 'yan uwa, ya karɓo tsohon mai, ya dawo ya tace da ƙyalle a baranda, ranar aiki ya tafi da shi. Yana tacewa yana ɗaga kwalba yana duba ta a hasken rana, ya shinshina, ya yanke hukunci. "Kifi. Kuma ta bari ya ƙone." Mata suna tsoron hancinsa. In ya ga mai ya yi baƙi ana ci gaba da suya da shi, sai ya ɗauke ko mai shi tana rantsuwa saura suya ɗaya. Da haka ya samu sunan Baban mai.

Ni ma ina ƙosai da masa na sayarwa, ma'aikata da 'yan kasuwa suna aikowa. Farkon zuwana sai in shiga kicin in tarar man jiya ya ɓace, ga sabon galan a wurinsa, ba magana ba bayani. Na ɗauki abin a matsayin cin fuska, saboda dama ina da abin da ke cina game da shi.

A gidanmu an koya mini suruka ba ta kallon fuskar suruki. Ga shi ɗaki ɗaya ne da falo, Baba a falo yake kwana, duk inda na juya yana nan. Na yi iyakar ƙoƙarina. Da safe zan durƙusa a ƙofar kicin, ta bayansa, kaina a ƙasa, muryata can ciki, in ce, "Baba, ina kwana." Shiru. In kawo abinci in ajiye, ya ce madalla. In koma baya in ce, "Baba, a ƙaro miya?" Shiru. Maza suna zuwa yana hira da su har da ƙyaƙyatawa, ni kuwa gaisuwata ko kallo ba ta samu. Na kai ƙara wurin maigidana na ce babanka ba ya sona. Ya yi dariya ya ce, "Miskili ne tun ina yaro, ki saba." Ban saba ba. Na sha shiga banɗaki in buɗe famfo in yi kuka. Kuma da yake ni ba mai haɗiye magana ba ce, na sha tsayawa a kicin ina gunaguni da ƙarfi don ya ji, ina buga murfin tukunya, yana zaune abinsa yana duba kwalabe.

Wata safiya maigidana ya tafi ofishinsu na kago, wato aika kayan 'yan kasuwa, a Al Khabaisi, ina suyar ƙosai, waya ta ɗauke mini hankali, kasko ya kama. Na'urar hayaƙi da ke manne a silin ta ɓarke da ihu, irin wanda ke shiga har haƙori. Na rufe kaskon da murfi, wuta ta mutu, amma ihun bai tsaya ba. Maƙwabciyarmu tana dukan ƙofa, ni ina kiran Baba, Baba, ina tsaye a bayansa kamar in taɓa shi. Yana zaune a bakin baranda ya ba ni baya, ƙyalle a hannu, mai yana ɗiga a hankali cikin jarka. Bai motsa ba sai da hayaƙin ya kai hancinsa. Ya zabura ya juyo, ya gan ni da hannuwa a kan kunnuwa, ya kalli silin, ya sake kallona. Na gane, shi ma ya gane na gane.

Bayan an kashe na'urar, maƙwabciya ta tafi, ya zauna a kan darduma ya ce, "Ɗago kanki."

Na ƙara sunkuyawa.

"Ki ɗago, 'yar nan. In ba ki ɗago ba, ba zan san me kike cewa ba."

Na ɗago. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai, ashe yana da tabo a gira. Na ce, "Tun yaushe, Baba?"

"A hankali. Bakinki gudu gare shi."

"Tun yaushe?"

"Na dama ya tafi tun ina loko a gida. Na hagu ya bi shi bayan na zo nan. Ƙarar inji ce, ba ta barin kowa da nasa."

Na ce, "Kullum ina gaishe ka."

Ya tsaya yana kallon bakina kamar bai yarda da abin da ya karanta ba. "Kullum?"

"Safe da yamma."

Ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe a haka. Da ya sauke, idonsa ya yi ja amma dariya yake yi. Ya ce, "Ni kuwa na ce Allah ya haɗa ni da suruka miskila. Na ce to, yau an rama wa mutane."

Daga nan ya roƙe ni. Ya ce in ɗansa ya sani zai zaunar da shi a gida, in wurin aiki suka sani kuma khalas, ba mai barin kurma kusa da dogo. A garin nan in aiki ya tafi biza ta tafi. "Wa zan koma wa a gida? Uwar mijinki tana ƙasa, sa'o'ina suna ƙasa. Shi kaɗai gare ni, kuma nan yake." Na tambaye shi yadda yake yi a ƙasashen mutane. Ya ce a loko kowa da hannu yake magana saboda ƙara, a ofis kuwa sai ya ce Turancinsu ya yi sauri, su rubuta masa a waya. Na ce zan rufe, amma da sharaɗi: ba zai ƙara tsallaka dogo shi kaɗai ba, kuma za mu ga likita. Ya yarda. Likita ya duba ya ce jijiyar ta riga ta mutu, na'urar kunne ba za ta yi wani amfani ba. A hanyar dawowa a bas ya fara kirana Uwata, don sunana sunan mahaifiyarsa ne, shi ma ba ya iya faɗa.

Koyon kallon fuskar suruki ya ba ni wuya ƙwarai. Sai in fara magana in ji kaina yana sauka da kansa, ya ƙwanƙwasa ƙasa da yatsa, in sake ɗagowa. In maigidana yana gida na koma surukar da aka sani, sai dai na zama kunnen Baba a ɓoye. In an buga ƙofa in miƙe inda zai gan ni. In an kira salla in ajiye buta a gabansa. In ɗansa ya yi masa magana daga baya, in yi wuf in amsa, ko in saki cokali a ƙasa ta gefen da yake kallo don ya juyo. Maigidana bai taɓa zargin komai ba. Tun yana yaro Baba ya saba masa da cewa ba ya magana da mutumin da ba ya ganin fuskarsa, kuma duk shirun da ya biyo baya miskilanci ya ɗauke shi. In ya fita aiki kuwa, ni da Baba sai hira. A irin wannan zaman ne na ji duk labaran ƙasashen da na ba ku.

Da mahaifiyata ta rasu a gida, kafin in samu kujera a jirgi an riga an binne ta. Maigidana ya zauna da ni iya abin da ofis ya bari, ya koma aiki. Ranar Baba ya ƙi fita. Ya zo ya zauna a ƙasa a ƙofar kicin, ya naɗe ƙafa, ya ce, "Ba ni labarinta, Uwata." Na fara tun hantsi. Na gaya masa yadda take daka yaji, yadda take zagina in na bar tsintsiya a tsaye, yadda ta raka ni tasha ba ta yi kuka ba sai da mota ta tashi. Kuka yana murɗe baki, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Share, ki sake faɗa, wannan ban kama ba." In share in sake. Wanda bai sani ba ba zai gane wahalar karanta baki ba, ɗan lokaci kaɗan kai ke fara sarawa. Baba bai kawar da ido daga fuskata ba har la'asar. Da ya tashi sai da ya dafa bango, idanunsa sun kumbura. Ban taɓa samun wanda ya ji ni irin ranar ba, kuma tun daga lokacin ban ƙara ganinsa a matsayin uban miji kawai ba.

Faɗansu da ɗansa a kan jarkokin nan ne. Maigidana ya daɗe yana neman wasu manyan Alhazai su riƙa ba ofishinsu kayansu. Ranar da ya samu suka yarda su zaga tare a Al Buteen, sai ga Baba ya fito daga wani lungu, jarka a kowane hannu, gaban rigarsa duk maiƙo. Ɗaya daga cikin Alhazan, wanda bai san shi ba, ya yafito shi ya ce, "Malam, yalla, yi maza, in ka ajiye wannan zo ka ɗaukar mana kwali." Maigidana ya ce mahaifinsa ne. Aka yi ta ba da haƙuri, aka yi dariyar da ta fi zagi ciwo.

Da yamma ya shigo yana huci. Fushi ya ɗaga masa kai, ya tsaya gaban Baba ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, me ka rasa? Me na kasa yi maka? Kana zubar mini da mutunci a garin mutane. Kai da aikinka, kai da shekarunka, kana bin bola gida-gida!"

Ina ƙofar kicin ina addu'ar Allah ya sa ya yi sauri, ya sa Baba ya kasa kamawa. Amma mai fushi baki yake buɗewa sosai. Kowace kalma ta isa.

Baba ya ce, "Bola." Ya kalli hannuwansa. Sannan ya ce, "To, na ji."

Ya tashi ya wanke hannu da sabulu, ya daɗe yana wankewa. Ƙarshen makon bai fita ba, na gaba ma bai fita ba. Jarkoki suka zauna a baranda ba komai a ciki. Tsakaninsa da ɗansa ya koma gaisuwa kawai. Na ce wa maigidana ya ba shi haƙuri, ya ce in bar shi da ubansa. Na ce wa Baba ya yi haƙuri, yaro ne, ya ce, "Ban riƙe shi ba, Uwata. Jira nake ya zo." Na kai wa maigidana wannan maganar, ya kalle ni wani iri, ya fita. A lokacin ban gane kallon ba.

Ana cikin haka aka tura Baba wata ƙasa mai sanyi, inda haɗi ya daskare musu a tanki. Ya dawo da tari. Tarin ya sauka ƙirji, ƙirjin ya kai shi asibiti, likitoci suka fara yi mana magana a hankali suna kallon ƙasa.

Safiyar ƙarshe muna zaune a barandar asibiti ni da maigidana, mun sa takunkumi kamar yadda suka ce. Na sake ce masa ya shiga ya nemi gafara tun da sauran lokaci. Sai ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa ji daga gare shi ba.

Ya ce, "Kin ɗauka ban nema ba? Ranar da na kai shi filin jirgi, tun daga ƙofar gida har can ina roƙonsa. Da na ɗauko shi ma haka. Jiya na durƙusa a gefen gado na faɗa masa a kunne. Ko uffan. Sannan ya ce miki wai jira yake in zo. Baba ya riƙe ni, zai tafi da ni a zuciya."

Na ce, "Ina kake kallo lokacin da kake roƙon?"

"Ina zan kalla? Titi mana. Da wane ido zan kalle shi bayan abin da na faɗa?"

Nan take na gane. Zagin ya yi shi da kai a ɗage, ban haƙurin kuwa duk da kai a sunkuye, kamar yadda kowane ɗan kirki zai yi. Na buɗe baki zan gaya masa, sai ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mu shigo da sauri.

A ɗakin akwai wani malami ɗan garinmu da wasu dattawa da suka zo dubiya. Ni na tsaya a bakin ƙofa, wurin da suruka ke tsayawa. Malam ya sunkuya daidai kunnen Baba yana laƙanta masa kalmar shahada, a hankali, yana maimaitawa. Idon Baba a buɗe yake, yana yawo daga wannan fuska zuwa waccan. Kowa kansa a ƙasa, kowa bakinsa a rufe da takunkumi. Neman baki yake yi, bai samu ko ɗaya ba. Na ga tsoro a idonsa, ban taɓa ganin haka ba.

Ban san lokacin da na ratsa mazan ba. Na janye takunkumina, na sunkuya na sa fuskata daidai tasa. Malam ya ce, "Hajiya, a'a, ki koma baya."

Na ce, "Ba ya ji, Malam. Baba ba ya ji."

Idonsa ya zo kan bakina ya tsaya. Na faɗi kalmar a hankali, ina buɗe baki yadda ya koya mini. Leɓensa ya motsa. Na sake faɗa, ya bi ni, da 'yar muryar da ta rage masa, har ƙarshe. Dattawa suka yi kabbara ƙasa-ƙasa.

Na juya na cafko hannun rigar maigidana, yana tsaye kamar an dasa shi. Na ce, "Zo nan. Cire wannan. Faɗa masa yana kallonka."

Malam ya ce, "Kada a sa shi magana bayan kalma."

Na ce, "Ba sai ya amsa ba."

Maigidana ya tsaya inda na tsaya, ya janye takunkumi, ya ɗago kai. Ya ce, "Baba, ka yafe mini." Idon Baba a buɗe yake, kuma a kansa yake. Bai ƙifta ba, bai motsa ba. Ma'aikaciyar jinya ta kalli na'urar da ke gefen gado, ta matso ta taɓa wuyansa, sannan Malam ya miƙa hannu ya rufe masa ido.

Maigidana bai yi mini faɗa a kan ɓoyewar ba, bai ma tambaye ni dalili ba. Tambaya ɗaya gare shi. In baƙi sun watse, ko muna cikin cin abinci, sai ya ajiye cokali ya ce, "Ke da kika san idonsa, ya gani?" Na san amsar da yake so, kuma da zan iya rantsuwa a kanta da na rantse tun ranar. Abin da na sani kawai nake gaya masa: idonsa a buɗe yake, kuma kai yake kallo. Sai ya gyaɗa kai, gobe ya sake tambaya.

Allah ka jiƙan Baba. Ka yalwata masa kabarinsa a wannan ƙasar yashi da ba tasa ba, ka haɗa shi da matarsa da sa'o'insa da suka riga shi, ka mayar masa da jinsa a inda ba ƙarar da za ta sake ɗauke shi. Kuma ya Allah, don wannan bawan naka da ya kasa cin abinci, ka sa ya zamana Baba ya gani.